Gaisuwar da Baba Bai Aika Ba

Alhamis, 1 ga Muharram, da hantsi

Sabuwar shekara. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, ni kuma na tashi da wani karsashi wanda rabona da irinsa tun ranar da na fito daga jarrabawar ƙarshe. Wata biyar ke nan da gama jami'a. Ina gida ina jiran a kira mu bautar ƙasa, ba abin da nake yi sai kai Baba rumfarsa ta hatsi a babur da zuwa aiken Umma.

Jiya Liman ya ce mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa. Na yi. Abin da na gano shi ne ni mai ƙananan ƙarairayi ne. Ina banɗaki nake cewa ga ni nan a hanya. Ina cewa na ƙoshi alhali cikina na kuka. Wanda ya shekara huɗu yana karanta ƙididdiga, aka hana shi rubuta abin da bai tabbatar ba, bai kamata bakinsa ya zama haka ba.

Don haka na ƙudurta abu ɗaya tak. A wannan shekara ba zan faɗi abin da na san ba haka yake ba. Ko da wasa, ko don kara.

Na kira Zaituna na gaya mata, 'yar Gwaggo Lami, taubashiyata. Ta yi dariya har da tari.

"Bawana, wannan kuma a wane aji aka koya muku? Mu dai abin da muka sani, in shekara ta kama a yi azumi, a ci jelar rago, ka kawo mini kuɗin shara."

"Ke za ki kawo mini."

"Ka ga ka fara ƙarya tun yau. Ba za ka kai Ashura ba."

Zan kai.

Juma'a, 2 ga Muharram, bayan la'asar

Abin da daɗi. Ban zaci zai yi daɗi haka ba.

Anwar abokina ya kira ya ce ina nake, na ce ina kwance ban ko yi wanka ba. Sai ya ce to shi ma bai fito ba, ƙarya yake da ya ce yana bakin masallaci. Muka yi ta dariya. Tela ya tambaye ni ko sabuwar rigar da ya ɗinka mini ta yi, na ce hannun hagu ya fi na dama tsawo. Ya auna, ya ga haka ne, ya karɓa zai gyara. Da a da ne da na ce ta yi kyau, in shekara ina naɗe hannu.

Umma ta ce yaya miyar, na ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ta ce gobe in shiga madafa in nuna mata. Wannan bai yi daɗi sosai ba, amma ta yi murmushi.

Jikina ya yi sakayau, kamar na sauke buhu.

Asabar, 3 ga Muharram, da safe

Me ya sa kowa ba ya yin haka? In shekara ta zagayo zan sa Anwar ma ya ɗauki nasa ƙudurin.

Lahadi, 4 ga Muharram, bayan azahar

Umma ta aike ni gidan Gwaggo da kwanon dambu, kamar kowace Lahadi.

Bari in rubuta yadda abin yake, iya abin da na sani. Gwaggo Lami yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Ita kaɗai ke kiransa Auta. Tun bayan rasuwar Kaka, shekara biyu da 'yan watanni, ba su yi magana ba. Ina makaranta aka yi abin. Ban gani ba, don haka ba zan rubuta abin da na ji ana faɗa ba. Na dai san maganar gidan Kaka ce, na unguwar Kusugu, inda Gwaggo ke zaune ita kaɗai. Baba bai ƙara taka gidan ba, ita ma ba ta ƙara taka namu ba. Sai kwano da ke kai da kawowa. Umma ta zuba abinci, Gwaggo ta mayar da shi da daddawa ko kuka a ciki, don kwano ba ya komawa haka nan.

Da zan fita Umma ta ce, "Ka ce Babanku yana gaishe ta." Kullum haka take cewa. Baba yana kasuwa.

Na sami Gwaggo tana tsince wake a gindin kurna. Muka gaisa, ta buɗe kwano, ta sa albarka. Sannan ta yi tambayar da take yi kullum, ba ta ko ɗago kai ba.

"Auta fa? Ya ce a gaishe ni?"

Na nemi maganar da za ta zama gaskiya kuma ta zama isar da saƙo, na ga kamar na samu.

"Umma ta ce in ce yana gaishe ki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Maimunatu ta ce ka ce."

"E, Gwaggo."

"Yau ne kawai, ko dama can?"

"Ni dai duk wadda na kawo, daga bakin Umma na karɓa."

Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta juye dambun, ta wanke kwanon, ta sake wanke shi, ta goge da gefen zane, ta miƙo mini. Ta ce in gaida Maimunatu.

A hanya na yi ta gaya wa kaina ban faɗi komai ba sai abin da ya faru.

Lahadi, bayan magariba

Umma ta buɗe kwanon, ta ga ba komai. Ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Zulkifilu, me ka ce mata?" Na maimaita mata kalma da kalma.

Baba ya daɗe a zaure yana murɗa rediyo, kamar yadda yake yi duk Lahadi, har sai Umma ta leƙo ta ce Yaya tana gaishe shi, ya ce "uhm", ya shige. Yau ba ta leƙo ba. Har aka kira isha'i yana murɗawa.

Litinin, 5 ga Muharram

Ban faɗi komai ba sai abin da ya faru.

Talata, 6 ga Muharram, da la'asar

Zaituna ta zo daga gidan mijinta, ta tsaya a ƙofar gida, ta ƙi shiga. Ba ta ce mini bawana ba.

Ta ce Gwaggo ta kira Yaya Jafaru, babban ɗanta da ke Damagaram, ta ce ya zo ya ɗauke ta. Tun bara yake roƙonta ta koma wurinsa, tana cewa ba za ta bar garin da ƙanenta yake ba, tunda har yana aiko da gaisuwa to akwai sauran zumunci, wata rana zai zo da ƙafarsa. Yanzu ta ce ba abin da take jira. Zai zo da mota ranar Lahadi, sha takwas ga wata. Za a rufe gidan.

"Shekarunta saba'in da wani abu," in ji Zaituna. "In ta haye can da wannan a zuciyarta, kana ganin za su ƙara ganin juna? Yi mini lissafi, ai kai ne malamin lissafi."

Na ce ban yi nufin haka ba. Ta ce akuya ma ba ta nufin ɓarna, yunwa ce.

Laraba, 7 ga Muharram, ƙarfe shida da rabi na safe

Na samo mafita. Tun kafin in yi alwala ta faɗo mini.

Ba sai na karya ƙudurina ba. Abin da ake buƙata shi ne gaisuwar ta zama gaskiya. Baba mutum ne da ba ka isa ka ce masa za ka wani wuri ba bai ce "ka gaishe su" ba. Mai kai markaɗe ma in ya ce za shi inji, sai ya ce a gaishe su. Bakinsa ya saba. To in na ce masa za ni unguwar Kusugu, ya ce ka gaishe su, shi ke nan. Na ji da kunnena, in ɗauka da zafinta in kai wa Gwaggo, in rantse mata.

Na kira Zaituna. Ta ce, "Wato tarko za ka ɗana wa kawuna." Amma na ji muryarta ta sake. Ta ce in ya ci, ta yafe kuɗin shara na bana.

Alhamis, 8 ga Muharram, bayan la'asar

Jiya da na sauke shi a rumfa na ce, "Baba, za ni gidan su Anwar." Ya ce ka gaishe su. Gwaji ne, kuma ya yi. Na je gidan su Anwar ɗin, don kada ta zama ƙarya, na gaishe su.

Yau na ce, "Baba, za ni unguwar Kusugu."

Yana kwance bakin buhun gero. Ya ci gaba da kwancewa.

"Ka biya ka sayo mini goro. Fari."

Na tsaya kaɗan ko akwai saura. Ya ce, "Ko ba ka ji ba?"

Na sayo goro. Gobe zan sake, ta wata fuska.

Juma'a, 9 ga Muharram, bayan shan ruwa

Da safe na ce masa, "Baba, yau za a kai wa Gwaggo abincin cika-ciki." Ya ce ruwa na haɗowa, in tafi da leda in rufe kwanon. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bayan sallar Juma'a na tsaya wurin Liman na tambaye shi, ban ambaci suna ba. Ya ce wanda ya ƙara magana mai daɗi don ya gyara tsakanin mutum biyu, shari'a ba ta kiransa maƙaryaci. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Malam Sada, mahaifiyarka ta fi ka karatu a wannan babin." Ashe duk unguwa an sani.

Umma ta dafa jelar ragon layya da ta adana tun Babbar Sallah, da tuwon shinkafa, gida duk ya ɗauki ƙamshi. Ta ɗebi rabon Gwaggo, mafi tsoka. Ba ta ba ni saƙon komai ba.

Zaituna tana can. Ta tare ni a zaure, ta yi ƙasa da murya.

"Na ce mata Kawu ya aiko, ta ce in rufe mata baki. Maigidana ya gwada, ta ce ya gaida gida. Ba ta ƙara yarda da kowa. Ta ce a duk Daura yaron nan kaɗai ne in ya faɗa za ta ɗauka. Kalma uku ce, Zulkifilu. Baba yana gaishe ki."

"Huɗu ce."

"Allah ya shirye ka."

Na shiga. Gwaggo ta karɓi abincin, ta ce abinci ba shi da laifi. Ba ta yi tambayar ba. Mun zauna, hadari na ta gurnani. Da zan tashi ta ce, "Ƙafar tasa ta daina kumburi?" Na ce ta hagu ta saɓe, ta dama tana tashi in ya daɗe a zaune. Ta ce a riƙa ɗora masa a kan matashi. Sannan ta ce, "Ba saƙo ba ne. Kai nake gaya wa."

Kwanon ya dawo a wanke.

Asabar, 10 ga Muharram, da rana

Na kai Ashura. Ban kira Zaituna na yi mata gori ba.

Litinin, 12 ga Muharram, da yamma

An fara ɗaurin kaya a gidan Gwaggo. Ta ba maƙwabta awakinta biyu. Kaji ta ce Zaituna ta kwasa. Na taya su sauko da kwanukan jere daga kabad muna naɗewa da tsofaffin zannuwa. Gadon Kaka na ƙarfe ta ce a bar shi inda yake, ba mai taɓa shi.

Ban taɓa lura gidan yana da faɗi haka ba.

Laraba, 14 ga Muharram, bayan azahar

Umma ta yi mini magana yau, magana ta sosai, karo na farko tun ranar kwano. Tana tankaɗe, ina riƙe mata faifai.

"Kana ganin ban san ƙarya ba ce? Ita ma Yaya, kana ganin can ƙasan ranta ba ta zarga ba? Shi ma Malam haka. Amma kowa ya kama bakin igiyar ya riƙe. Da ita na ɗaure gida biyu shekara biyu, ina jiran ranar da ɗayansu zai gaji. Kai ka zo da wuƙarka sabuwa, kana neman abin da za ka gwada kaifinta."

Na ce, "Umma, shekara biyun ai ba wanda ya gaji."

Ta ce, "Ba wanda ya tafi kuma."

Na yi ta juya abin. Ƙudurin nan don kaina na yi shi, don in ji ni tsaf, kamar sabuwar riga. Ban tambayi kowa ba ko yana jingine da abin da zan janye. Tela ya gyara mini hannun riga, Gwaggo kuma za ta bar gari. In aka ɗora su a sikeli ba sai an je jami'a ba.

Amma kuma, da ban faɗa ba, sai su shekara goma a haka, kowa na cin gaisuwar da ba a aiko masa ba, har a zo ɗaukar ɗaya. Wannan ma ban san ko haka ne ba. Wataƙila ina faɗa ne don in ji sanyi.

Alhamis, 15 ga Muharram, da safe

Na yanke shawara. Zan faɗa. Liman ya ce ya halatta, Umma tana so, Zaituna tana so, kuma Gwaggo za ta yarda. Shekarar ma sati biyu kawai ta yi, sai in sake ɗaura niyya daga wata mai zuwa.

Tun da na yanke na ji wani farin ciki ya rufe ni. Na wanke babur. Na yi ta maimaitawa a ɗaki: Baba ya kira ni da kansa, ya ce in gaishe ki. Zan ce a rumfa ya faɗa, bayan azahar, yana cin goro. Ƙarya tana son ƙananan bayanai, wannan kam na iya su. Gobe war haka an kwance kaya.

Juma'a, 16 ga Muharram, bayan la'asar

Na je da sabuwar rigata. Gwaggo tana zaune a kan tabarma a tsakiyar ƙullin kaya. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na zo da magana."

Ta ajiye carbi. Ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, kamar za a yi baƙo. Idonta ya yi wani haske.

"Faɗi. Kai in ka faɗa na yarda."

Na buɗe baki. Rumfa, azahar, goro, duk suna nan a jere. Ba abin da ya fito. Na ga in na faɗa za ta kwance kayan nan ta zauna jiran mutumin da bai san an yi ba, ta share tsakar gida, ta riƙa jin motsin ƙofa.

"Gwaggo, na zo ne in yi miki ƙarya, na kasa."

Ta dube ni, ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun Kaka na da rai, har tana share ido.

"Jinin Auta. Kai da ubanka in kun kafe, jaki ma sai ya ba ku hanya. Tashi ka ɗaure mini bakin buhun can."

Zaituna ta raka ni zaure ta ce ko ƙarya ban iya ba, me aka koya mini a shekara huɗu.

Saura kwana biyu. Ban gyara komai ba. Amma na fito ina jin kamar in yi gudu.

Asabar, 17 ga Muharram, bayan magariba

Zan rubuta wannan daidai yadda ya faru.

Na ɗauko Baba daga kasuwa. Muna tafe a hankali saboda taɓo. Bai saba magana a kan babur ba. Sai na ji muryarsa a bayan kunnena.

"An ce ka daina ƙarya."

"Ina ƙoƙari, Baba."

"Gaisuwar da uwarka ke kawo mini duk Lahadi. Daga can take?"

"Ni dai ban taɓa jin Gwaggo ta ce a gaishe ka ba. Umma take cewa a gaida."

Muka wuce masu kifi, muka wuce mai faci. Na ji ya saki rigata da yake riƙe da ita.

"To me take cewa?"

"Tana tambayar ƙafarka. Ko ta daina kumburi. Ta ce a riƙa ɗora maka a kan matashi. Amma ta ce ba saƙo ba ne, ni take gaya wa."

"Yaushe?"

"Daren cika-ciki. Kafin nan ma takan tambaya."

"Gobe ne?"

"Gobe da safe. Yaya Jafaru ya iso ɗazu."

A ƙofar gida ya sauka ya shige, ya bar ledar goronsa a hannuna.

Lahadi, 18 ga Muharram, ƙarfe tara saura kwata

Umma ta je sallama tun da sassafe, ta dawo ido jajir. Zaituna ta turo mini saƙo cewa su Gwaggo sun tashi, za ta raka su bakin iyaka. Baba bai ce a kai shi kasuwa ba. Yana zaure. Rediyon a kashe.

Lahadi, bayan la'asar

Wandona duk taɓo ne, ban canza ba, ina so in rubuta kafin wata kalma ta ɓace.

Wajen tara da rabi ya kira ni. Bai dube ni ba, bango yake kallo.

"Akwai mai a babur ɗin?"

"Akwai."

"Ka bi su. Ka ce mata, in ji ni, indararon ɗakin marigayiya Inna na kusurwar gabas ya karye, ruwa na bin bango. Ita kuma ta kulle gida ta kama hanya da tsakiyar damina. In ɗakin ya zauna kada ta ce ba a faɗa mata ba."

Na ce ko in kira Zaituna a waya ya faɗa da kansa. Ya ce shi ba da waya ya aike ni ba.

"In ce kana gaishe ta?"

"Abin da na ce shi za ka ce. Ba kai ne mai gaskiya ba?"

Ban san lokacin da na tayar da babur ba. Na kira Zaituna ina tuƙi, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta tsayar da su ko ta halin ƙaƙa, ina ɗauke da saƙo na gaske. Ta ce, "Na gaske na gaske?" Na ce wallahi. Ta ce in bar mata.

Allah ya taimake ni yau kasuwar Mai'aduwa ke ci. Hanya ta cushe da motocin shanu da masu jan raguna, babur kuwa yana kurɗawa. Yayyafi ya sauko, ban tsaya ba. Ina tafe ina maimaita saƙon da ƙarfi kada in sauya ko kalma ɗaya, har wani mai amalanke ya ce mini Allah ya ba da lafiya.

Na same su gab da Kwangwalam, an faka a gefen hanya. Zaituna ta ce cikinta ya murɗa, ta shige wani gida ta ƙi fitowa. Yaya Jafaru yana ta duba agogo. Zaituna tana hango ni ta fito garau.

Gwaggo tana gidan baya, da ƙullin goro a cinya. Na durƙusa a bakin ƙofar motar, cikin taɓo, na faɗa mata kamar yadda aka faɗa mini, har da kada ta ce ba a faɗa mata ba. Yaya Jafaru ya ɓata rai, ya ce wannan wace irin magana ce za a biyo tsohuwa da ita har iyaka. Ta ɗaga masa hannu.

"Shi ya ce, ko Maimunatu?"

"Shi ya ce. A zaure, da bakinsa."

"Indararon gabas." Ta dube ni. "Ba a ganinsa daga titi. Sai an shiga lungun baya, an tsaya jikin katanga. Ta ina ya gani?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ni na sani."

Ta kwance bakin zanenta, a hankali, don ƙullin ya yi tauri. Makullin gidan ne, wanda aka shirya za a bar wa mijin Zaituna. Ta sa mini a tafin hannu ta rufe da nata.

"Ka ce wa Auta, tun yana bayana a goye ba ya iya neman abu sai ya kewaya. Ga makulli nan, tunda ya iya leƙe. Ya gyara da kuɗinsa. Kada ya taɓa mini kurna. In na ga jikokina zan dawo kafin a yanke gero, in ga irin aikin da ya yi."

Yaya Jafaru ya ce, "Inna, ba haka muka yi ba." Ta ce shi da wa.

Na ce, "In ce kina gaishe shi?"

"Na ce maka?"

"A'a."

"To."

Zaituna ta hau bayana muka juyo. Tun daga Kwangwalam har Daura tana yi mini tsiya, wai ciwon cikinta na ƙarya ne ya tsayar da motar, ba gaskiyata ba, don haka ladan nata ne. Na ce ban musa ba. Ta ce baɗi in zan yi wani ƙudurin in fara sanar da dangi su ɗaure kayansu.

Litinin, 19 ga Muharram, da safe

Jiya na sami Baba inda na bar shi. Na ba shi makullin, na faɗi saƙon duka, ban rage goyon ba, ban rage leƙen ba. Umma tana bayan ƙofa, na ga gefen mayafinta.

Ya juya makullin a hannunsa.

"Ta ce a gaishe ni?"

"Ba ta ce ba."

Ya gyaɗa kai. Gefen bakinsa ya motsa.

"Ita ce," in ji shi.

Anwar ya tambaye ni ɗazu ko yana da amfani mutum ya ɗauki irin wannan ƙuduri, don yana tunanin nasa. Na ce ban sani ba tukuna, shekarar da saura.

Baba yana kira. Ya ce in ɗauko tsani wurin maƙwabta in ɗaure a babur, kuma in bi ta titi, ba ta lungu ba.